Watan da Aka Goge wa Zanzana

Mutanen gari igwa suke ce masa, ni kuwa littattafai sun koya mini in ce madubin hangen taurari. Na tarar da shi a ɗakin ajiya na lakwal ɗin da aka tura ni koyarwa a Dogon Dutsi, ba da daɗewa ba bayan an sauke tutar Faransa an ɗaga tamu. Wani tsohon fada na mishan ne ya bar wa makarantar shi kyauta, lokacin da ciwon ƙirji ya mai da shi ƙasarsu, kuma tun da ya tafi ba wanda ya sake leƙa sama da shi. Ban ce ba a more shi ba. Ƙafafunsa uku na katako suna gidan daraktan makaranta, uwargida tana shanya tsumman jariri a kai. Bututun kuwa, mai tsawo kamar taɓarya, zanzaro ya gina gida a cikinsa, jemagu kuma sun yi masa abin da jemagu ke yi wa duk abin da ya kwana a ƙarƙashinsu. Da na zare murfin, warin da ya fito ya isa ya raba mutum da sha'awar ilimi har abada.

Ni bai raba ni ba, don a lokacin ina da ƙuruciya da taurin kai. Na kankare ginin zanzaro da tsinke, na wanke gilashin da ruwan sama da auduga kamar ana wankan jariri, na aro ƙafafun daga gidan darakta da alkawarin mayarwa. Wata magariba, wata yana rabi, na kafa shi a filin makaranta na sa ido.

Abin da na gani ba zan ɓata shi da yawan kwatance ba. Watan nan da muke gani sumul kamar ƙoƙon da aka kankare, ashe duk ramuka ne, manya da ƙanana, wani cikin wani, musamman a bakin da haske ke gamuwa da duhu. Akwai wani babba mai ɗan tudu a tsakiyarsa, inuwarsa ta miƙe kamar ta rumbu da la'asar. Na karanta wannan a takarda tun ina ɗalibi, na haddace, na ci jarrabawa da shi, amma sai ranar na yarda. Washegari na jera ƴan ajina suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, kuma a iya sanina ranar ce kaɗai a aikina da aka tashi yara suka ƙi tafiya gida.

Farin cikin bai daɗe ba, don labari ya kai kunnen sufetan makarantu.

Sufetan nan ɗan ƙasa ne kamar mu, amma da Turawa suka tafi ya gaji kujerarsu, ya gaji motarsu, har tarinsu ya gada. Yakan zo rangadi daga Doso cikin farar riga da takalmi sau ciki, ba ya cin abincinmu, ba ya shan ruwan rijiyarmu, amma bai taɓa ƙin zabin da ake ɗaure masa a bayan mota ba. Ya zagaya madubin sau biyu, ya ƙwanƙwasa bututun da farce kamar mai sayen tulu.

"Bon," in ji shi. "Wannan kayan gwamnati ne. Kaya irin wannan ba a barinsa a ƙauye. Za mu kai shi biro, ofishinmu na Doso, a adana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ana aiki da shi. Yara sun ga ramukan wata da idonsu."

"Sun gani? Ina shaida?"

"Ga yaran nan, a tambaye su."

Ya yi murmushin nan na mutumin da ya fi ka albashi, ya kira ni da sunan Faransancin nan da ake kiran malaman lakwal. "Mushe, a biro ba mu san an gani ba, an nuna muka sani. Idon yaro ba ya shiga cikin rahoto. In na dawo kafin hutun damina ka ajiye mini hoton ramukan nan a kan tebur, wanda aka ɗauka a nan da abin nan, to zan rubuta cewa ana amfani da shi, ya zauna. In babu, ya bi ni."

Ya faɗi haka ne don ya tabbata ba za a iya ba. Ni kuma na amsa don ban san abin da na amsa ba.

Ina da wani tsohon akwatin hoto da wani abokin karatu ya bar mini, irin mai kama da sandukin sabulu, mai ƙaramin ido a gaba da ɗan maɓalli a gefe. Abin da babu shi ne pelikil, wato naɗin nan da hoto ke kamawa a jikinsa. Na yi saƙo Yamai ta hannun wani direban kamiyo, babbar motar kaya, na jira har na fara mantawa, sannan ya iso da naɗi ɗaya tak, a cikin aljihun da yake ajiye goronsa. Naɗi ɗaya hoto takwas ne. Shi ke nan dukiyata.

Tsohon fadan ya bar wani littafi na Faransanci a kan ɗaukar hoton sama, wanda gara ta cinye kashi ɗaya cikin uku, kuma na lura ta fi son shafukan da ke da amfani. Abin da ta rage yana magana da ni kamar ina zaune a wata duniya. Ya ce in sayi wani ƙarfe mai haɗa akwatin hoto da madubi a kanti mafi kusa da ni. Kanti mafi kusa da ni yana sayar da sukari da ashana da kananzir. Ya ce in sami agogon da ke juya madubi yana bin wata. Ya ce in zaɓi daren sanyi mai tsit, alhali muna tsakiyar bazara, dutsen garin yana amayar da zafin da ya sha tun safe, wata yana rawa a cikin gilashi kamar ana kallonsa a ƙasan rijiya.

Dole na ƙirƙiro nawa. Na yanka tsohuwar robar tayar keke na ɗaure akwatin a bakin madubin, ido da ido. Kafin in sa pelikil na buɗe bayansa na manna takardar da na shafa wa man gyaɗa, don in ga inda hoton ke faɗuwa, na yi ta murza maɓallin madubin har bakin wata ya fito tas a kan takardar, na yi alama da wuƙa a wurin. Ƙafafun suna nutsewa a rairayi, na ɗora su a kan duwatsu. Sai kuma matsalar girgiza: da ka taɓa maɓallin akwatin, bututun gaba ɗaya sai ya kama makyarkyata. Maganin wannan malafa ce. Ka rufe bakin bututun da malafa ba tare da ta taɓa shi ba, ka buɗe idon akwatin, ka jira ya daina rawa, ka janye malafar ka mayar da sauri kamar mai gaida surukin da ba ya so. Makonni na yi ina gwada wannan da akwati fanko, har maƙwabta suka yanke cewa sabon mushe yana yi wa wata fifita.

Ramukan ba sa fitowa sai wata yana rabi, lokacin da rana ke haska shi ta gefe. In ya cika sai ya zama fari fat, ba inuwa. Wato a kowane wata ƴan kwanaki kaɗan gare ni, da magariba zuwa isha'i, kuma wata biyu suka rage kafin sufeta ya dawo.

Hoto biyu na farko ban ɗauki wata da su ba. Darakta ya kira ni ya tuna mini, cikin ladabi irin na shugabanni, cewa uwargidansa ta daɗe tana shanya a kan darni saboda ni, kuma ba su taɓa ɗaukar hoto tare ba. Na ɗauke su a tsaye, na ɗauke su a zaune. Saura shida.

A watan farko na ɓata huɗu. Ɗaya, akuyar mai gadi ta zo ta sosa ƙeyarta a ƙafar madubin daidai lokacin da na janye malafa. Ɗaya, jama'a sun taru kallo, wani dattijo ya matso da fitilar ƙwai ya haska mini bakin bututun don ya taimaka, ya ce ya ga ina aiki cikin duhu. Ɗaya, ina cikin jiran rawa ta tsaya wata ya sulale ya fice daga gilashin, don shi ba ya tsayawa a ɗauke shi kamar darakta. Na huɗun ban san abin da ya same shi ba, na dai ji a jikina ya lalace. Wata tsohuwa ƴar bori da ke wucewa kullum da itace ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Ɗana, wanda kake leƙe ya san kana leƙensa." Ban yi mata musu ba. Alamu duk suna bayanta.

A wata na biyu hadari ya fara haɗuwa. Kwana da kwanaki sama a rufe, ina zaune da akwati a cinya kamar mai jiran gawa. Ran nan da la'asar aka yi iska mai ƙarfi, ta kwashi rairayin filin makaranta ta watsa ko'ina, aka ɗan yi yayyafi, sannan gari ya washe. Da magariba na fita na tarar da sama a wanke, ƙasa ta huce, wata yana tsaye cak a cikin gilashi ba ko motsi. Ban taɓa ganinsa haka ba. Babban ramin nan mai tudu a tsakiya yana daidai bakin haske, kamar an zana shi da alƙalami. Na ɗauki na bakwai, hannuna ya ɗan taɓa bututun. Na murza naɗin don in kawo na ƙarshe, sai na ji wani ɗan ƙara, ƙiii, irin na tsakuwa a cikin tuwo. Rairayi ya shiga akwatin. Ba yadda zan yi. Na riƙe numfashi, na janye malafa, na mayar. Na san wannan ya kamu, kamar yadda maharbi ke sani tun kafin tsuntsu ya faɗo.

Saura wanki. Aika naɗin Yamai ya dawo zai ci fiye da lokacin da ya rage, don an riga an aiko cewa sufeta yana tafe cikin mako. Ba ni da zaɓi sai mai hoton kasuwa.

Mai hoton nan dattijo ne Ba'are, tsohon soja, wanda ya koyi sana'ar a wajen wani mutumin kurmi a Sakkwato. Shekarun nan kakarsa ta yanke saƙa, don gwamnatin ƴanci ta ce kowa sai ya yi katin shaida mai hoto, mutane suna ta zuwa daga Kore Mairuwa da Sukukutane da Ɗan Kassari, a kan jaki da ƙafa, su zauna a kan kujerarsa su ƙame kamar za a yi musu allura. Abin da ya ɗaga sunansa ba ɗauka ba ne, gyara ne. A zamanin, cikin kowane taron mutane za ka ga waɗanda agana ta bar wa zanzana a fuska. Shi kuwa in ya wanke uwar hoto, wato baƙin nan da ake buga hoton daga jikinsa, sai ya ɗora ta a kan gilashi ya bi kowane ɗan rami da fensir mai tsini ya cike shi. Mutum ya zo da fuska kamar garwar da aka harba da bindigar toka, ya koma gida da hoto sumul kamar ango. Abu ɗaya ne ba ya taɓawa, kuma duk Arewa an san shi da wannan: tsage. Layuka biyun nan namu na Arawa, daga gefen baki zuwa kunne, waɗanda ni ma nake ɗauke da su, ko matashin akawu ya roƙe shi ya dusashe masa su don ya yi kama da ƴan birni, sai ya ce ya tafi wani wuri.

Duk na san wannan. Hoton katina ma shi ya yi. Amma ban taɓa kawo wa raina cewa abin ya shafe ni ba.

Na same shi ranar kasuwa, layi ya miƙe har rumfar masu gishiri, kansa a cikin baƙin ƙyalle.

"Baba, barka da aiki."

"Mushe mai igwa!" in ji shi daga cikin ƙyallen. "An ce kana harbin wata. Ya faɗo?"

"Yana cikin nan. Baba, don Allah a hankali. Na ƙarshen shi ne magana. Wata ne, ba mutum ba."

"Ko rana ce. Kai, ɗago haɓa! Ba kai ba, Mushe, wanga da ya zamna awa an aiko mai da sammaci."

"Ina nufin aiki ne mai laushi. Akwai ƙananan abubuwa a jikinsa waɗanda..."

Ya fito da kai ya dube ni. "Mushe, ni na taɓa zuwa lakwal na ce maka ga yadda a ka riƙe alli?"

"A'a, Baba."

"To aje nan. Jibi ka taho."

Na ajiye, na tafi, har ina jin na yi rashin kunya.

Jibi na koma bayan an tashi daga makaranta. Ɗakin wankinsa wata ƴar bukka ce a bayan gidansa da aka toshe kowace kafa da tsumma, tana warin ruwan magani da tsohon gumi da taba. Kwanonin wankin hoton su ne na cin tuwo a da, kuma ban rantse sun yi ritaya ba. Yana zaune a bakin ƙofa da fensirinsa, yana gyaran fuskar wani. Sai a ranar na lura da yadda yake yi: ya lasa bakin fensirin da harshen da goro ya rina, ya ɗiga, ya lasa, ya ɗiga. In ya gama ya shafe da wani ruwan ƙaro don kada ya goge.

"Ga naka," in ji shi, yana miƙo ambulan da alfahari. "Biyar ba su yi ba, duhu da hazo. Na darakta sun yi. Na ƙarshen kuwa, Mushe, ka ba ni wahala."

Na zaro. Na ga darakta da uwargida a tsaye, na gan su a zaune, sun yi kyau ƙwarai. Na zaro na ukun.

Rabin wata ne, babba, ya cika takardar, bakinsa na waje a yanke tsaf, alamar na daidaita gilashin daidai. Amma fuskarsa sumul take kamar ɓawon ƙwai. Babu rami ko ɗaya. Bakin nan mai gantsare-gantsare inda haske ke gamuwa da duhu an miƙar da shi santal kamar da zaren magini. Sai wasu layuka biyu baƙaƙe, kusa da juna, da suka ratsa shi daga gefe zuwa gefe.

Na ɗago na dube shi. Na ce, "Baba, ina ramukan?"

"Zanzanar? Kai dai bari. Ban taɓa ganin wanda agana ta ci awa wanga ba. Abin tausai. Wuni guda na yi bisa gare shi, fensir biyu na ƙarar."

"Sun fito ke nan?"

"Sun fito mana! Rututu, wani cikin wani. Har da wani ƙato mai ɗan tsiro a tsakiya, shi ya fi ba ni wuya, sai da na bi shi sau uku."

Na jingina da bango. Ramin nan nawa ke nan, mai tudu a tsakiya. Ya kamu. Na yi abin da littafin ya ce sai da agogo da ƙarfe da daren sanyi, na yi shi da robar keke da malafa, kuma mutum ɗaya tak a duniya ya gani, ya ji tausayinsa, ya lashe shi da miyan goro.

"Baba, ramukan nan su ne hoton. Saboda su na ɗauka."

"Saboda zanzana?" Ya dube ni kamar na ce ina tara ƙuda. "Mushe, shekara nawa ina wanga aiki, ba a taɓa kawo min aibi a ce in bar shi ba. Kuma hoton ga zuwa gun sufeta za shi, in ji ka. In bar shi ya tahi Doso haka nan a ce daga hannuna ya fito?"

"A goge fensirin mana."

"Na sa ƙaro. Aikina ba ya gogewa, tambayi kowa."

Na ɗaga uwar hoton ga haske. Gaskiya ya faɗa. An bi ta ɗigo-ɗigo an cike, an rufe, ta bushe ƙam, har da wani ɗan jan tabo na goro a gefe.

"To waɗannan layukan fa? Rairayi ne ya karce naɗin. Su ne ya kamata ka gyara."

Nan fuskarsa ta canja. Ya ajiye fensir.

"Wannan tsage ne."

"Baba, wata ne!"

"Na sani wata ne, ba ni da hauka. Ban ce Ba'are ba ne. Amma abin da ya zo gabana da layi biyu a kumatu, hannuna ba ya goge shi. Ran da na fara zaɓen wanda zan bari da wanda zan share, ran nan na lalace. Sun ma fito dishi-dishi, sai da na bi su da allura suka zamna sosai." Ya nuna kumatuna da bakin fensirin. "Kai da ke ɗauke da su, kai za ka ce a goge?"

Na ajiye masa uwar hoton a kan gilashinsa. Na kwashi ambulan na fita. A hanya na tofar da yawu ya fi a ƙirga, bakin bai daina ɗanɗanon goron wani ba.

Pelikil ya ƙare. Wata ya wuce rabi yana shirin cika, sama kuma ta sake rufewa. Sufeta ya iso da hantsi.

Na yi tunanin in ce hoton bai yi ba, in tsira da mutuncina. Amma darakta, wanda ke son a ga nasa, ya riga ya shimfiɗa ambulan gaba ɗaya a kan tebur. Sufeta ya yaba hoton uwargida. Ya ɗauki na watan, ya nisanta shi da ido, ya kusanto. Ya dubi layukan biyu, ya ɗago ya dubi kumatuna, ya sake duban layukan.

"Mushe," in ji shi, "ɗan'uwanka ne?"

Darakta ya yi dariya har da buga tebur, kamar yadda ake yi wa barkwancin na gaba.

Na yi bayani. Na faɗi rairayi, na faɗi fensir, na faɗi ƙaro. Ina ji da kunnena yadda gaskiya ke fita daga bakina tana kama da ƙaryar yaron da bai yi aikin gida ba. Na ce a kira mai hoton ya ba da shaida, shi ya ga ramukan.

"Wato shaidarka," in ji sufeta, "mutumin da ya ce ya ga abu sannan ya goge shi."

"To ranka ya daɗe, ka kwana. In sama ta buɗe ka leƙa da idonka."

"Ni ba na kwana a rangadi. Kuma na gaya maka, ido ba ya shiga rahoto." Ya ɗaga hoton da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera. "Abin da ke gabana shi ne rabin ƙwarya da aka yi wa tsage. In ma wata ne, to hotonka ya nuna ba shi da ramuka, ka ga ke nan abin da kake koya wa yara ma sai an duba. Alor, a ɗauko kayan."

Aka ɗauko. Direbansa ya cusa bututun a bayan mota, tsakanin buhun albasa da zabi huɗu da aka ɗaure wa ƙafa, ɗaya ta riga ta yi kashi a kan murfin kafin a tayar da injin. Ƙafafun katakon suka ƙi shiga. Aka juya su, aka karkata, suka ƙi. Sufeta ya dubi agogo ya ce a bar su, ai abin da ke da daraja shi ne gilashin. Ban ce masa madubi irin wannan ba ƙafa ba ya nuna komai sai rawar hannun mai riƙe da shi ba. Bai tambaya ba, kuma ban ga alamar yana da niyyar leƙawa ba.

Kafin la'asar uwargidan darakta ta aiko a karɓo mata ƙafafunta.

Bayan shekara guda wani aiki ya kai ni Doso, na shiga biron sufeta. Bututun yana kwance a saman kabad, ƙarƙashin tarin takardu. Na daɗe a tsaye ina jiran a sa mini hannu, har na ga zanzaro ya shigo ta taga da ɗan laka a baki, ya wuce kan akawu, ya shige ciki kamar mai komawa gidan gado.

Mai hoton kuwa bai riƙe ni da komai ba. Ya buga wani kwafin ya manna a allon da yake nuna gwanintarsa a kasuwa, tsakanin wani tsohon soja mai lambobi da wata amarya. Ya zama abin kallo. Mutanen ƙauye sukan tsaya su nuna shi da baki, masu zanzana su ce a yi musu irin gyaran da aka yi wa wata. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce, "Mushen lakwal ya ɗauka da igwa, ni na gyara." Bai taɓa rage mini haƙƙina ba.

Da sabuwar shekarar karatu ta zo aka ba ni sabon aji, waɗanda ba su taɓa leƙa madubin ba. Muka kai darasin wata. Na zana da'ira a allo, na cika ta da ramuka, na yi wani babba mai tudu a tsakiya, na ce haka fuskarsa take. Ajin ya yi tsit, irin shirun da yara ke yi in babba ya yi kuskure suna jin kunyar gaya masa. Na tambayi abin da ya faru. Suka dubi juna, sannan suka amsa kusan baki ɗaya, cikin ladabi, cewa ai sun ga hotonsa a kasuwa, sumul yake, da tsage biyu, kuma an ce ni na ɗauka.